Tarihin Gidan Limaman Alfriston: Gininsa da Tsirarsa

A kudancin ƙasar Ingila, cikin lardin Sussex ta Gabas, akwai wani ƙauye da ake kira Alfriston, wanda ke kwance cikin kwarin kogin Cuckmere, tsakanin tuddan alli da tumaki suka daɗe suna kiwo a kansu, tafiyar kamar mil huɗu daga inda kogin ya faɗa teku. Ƙauyen tsoho ne ƙwarai da gaske, gama sunansa yana cikin babban daftarin ƙidayar ƙasa da haraji wanda Sarki William ya sa aka rubuta a shekarar 1086 ta Miladiyya, shekara ashirin bayan da ya ƙetaro daga Normandi da rundunarsa, ya sauka a gaɓar Pevensey wadda ba ta da nisa da wurin, ya ci Ingila da yaƙi. A gefen ƙauyen akwai wani dandali mai ciyawa da mutanen garin ke kira Tye. A bakin dandalin, bisa ɗan tudu, majami'ar Andarawus take tsaye, wadda aka gina da duwatsun ƙanƙara da aka fasa aka daidaita fuskokinsu a wajajen 1370. Daura da majami'ar kuwa, ta wajen kogi, akwai wani gida na katako da yaɓe, mai doguwar jinka da ta sauko ta lulluɓe shi, wanda aka sani da Gidan Limamai. Wannan gida ba fada ba ne, ba kuma ribaɗi ba ne, babu sarkin da aka haifa a cikinsa, babu yaƙin da aka gwabza a ƙofarsa. Amma duk da haka ya fi shekara ɗari shida a tsaye, kuma shi ne gini na farko da babbar ƙungiyar adana kayan tarihi ta Ingila ta mallaka.

Ya kamata a fara da zamanin da ya haifi irin wannan gida. A 1348 da 1349 wata annoba mai tsanani, wadda ta ratsa ƙasashen Musulmi da na Nasara baki ɗaya, ta shiga Ingila ta hallaka tsakanin sulusi da rabin jama'arta. Da ƙura ta lafa sai aka iske gonaki sun yi yawa, masu noma sun yi kaɗan, ladan ƙwadago ya hau, har hukuma ta kafa doka a 1351 don ta mayar da shi yadda yake a da, amma dokar ba ta yi tasirin da aka nufa ba, bal ma ƙuncin da talakawa suka ji daga irin waɗannan dokoki da kuma harajin kai ya kai su ga babban tawaye a 1381. Waɗanda Allah Ya yi wa sauran kwana suka gaji filayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, suka saki tumaki a kai, suka sayar da ulu ga fatake masu kai shi ƙetaren teku, sai ga wani rukuni na matsakaitan mutane ya bayyana, manoma masu abin hannu da 'yan kasuwa da limaman ƙauye, waɗanda ba su kai matsayin iyayen ƙasa ba, amma sun fi ƙarfin bukkar da kakanninsu suka zauna. Su ne suka riƙa ɗauko ƙwararrun kafintoci su gina musu gidaje bisa wani tsari da ya yaɗu a Kent da Sussex, wanda masana suka laƙaba wa sunan kurmin Weald, domin a can ne itacen oak ya fi yawa, ƙasar kuwa yumɓu ce mai kyau ga yaɓe. Ɗaruruwan gidaje masu wannan tsari suna nan har yau, kuma na Alfriston yana cikin waɗanda suka fi shahara.

An daɗe ana cewa an gina shi a wajajen 1350, har sai da aka nemi shaida daga bakin itacen kansa. Ma'ana, kowace bishiya a ƙasashen sanyi takan ƙara zobe guda a cikin kututturenta kowace shekara, mai faɗi idan shekarar ta yi albarka, siriri idan ta yi tsanani, ta yadda bishiyoyin yanki ɗaya da suka rayu a zamani ɗaya sukan ɗauki jeri iri ɗaya na faɗi da siranta. Masu wannan ilmi sukan huda katako su zaro ɗan siririn sanda daga cikinsa, su auna zobban ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan su gwada da jerin da aka riga aka tabbatar da shekarunsa, har su ga inda suka dace. Idan kuwa zobban da ke kusa da ɓawo ba su lalace ba, sai a iya kintatar shekarar da gatari ya sari bishiyar. Da aka yi wa gidan Alfriston wannan bincike sai aka samu an sare itatuwansa tsakanin 1399 da 1407, wato a farkon ƙarni na tara na Hijira, sa'ad da Henry na Huɗu ya tuɓe Richard na Biyu ya hau gadon sarauta. Da yake kuma kafintocin wancan zamani ɗanyen oak suke aiki da shi, tun bai bushe ya gagari gizago ba, shekarun saran su ne kusan shekarun ginin. Abin lura a nan shi ne, a 1398 ne aka danƙa majami'ar Alfriston ga ruhubanawan gidan ibada na Michelham, wanda aka kafa tun 1229 a saman kogin Cuckmere, su riƙa karɓar mafi yawan ushirin amfanin gona, su kuma ajiye limami mai kula da ibadar ƙauyen. Daga wannan zamani gidan ya kasance dukiyar majami'a, haka kuma ya zauna kusan shekara ɗari biyar.

Yadda ake gina irin wannan gida abin sha'awa ne, domin ba a filin da zai tsaya ake fara shi ba. Kafinta yakan shiga kurmi ya zaɓi bishiyoyi gwargwadon abin da yake bukata, miƙaƙƙu domin ginshiƙai da azara, masu ɗan lanƙwasa domin tokare, a sare, a fafe su da gatari su zama masu kusurwa huɗu, a tsaga waɗanda za a tsaga da zarto. Sa'an nan a shimfiɗa su a ƙasa a farfajiyarsa, a haɗa bango guda a kwance, a fiƙe kan wannan katako ya zama harshe, a huda wa wancan rami daidai da shi, a gwada, a gyara, har su shiga juna ba tare da wani gilo ba. Bayan an gama sai a tsaga wa kowane katako lamba da alƙaluman Rumawa, a wargaza, a ɗora a keken shanu a kai wurin gini, inda an riga an jera ƙaramin tushe na duwatsu don kada danshin ƙasa ya taɓa itace. A nan maƙwabta sukan taru da igiyoyi a ɗaga bangayen ɗaya bayan ɗaya bisa lambobinsu, a kafe kowace gaɓa da turakun itace. Akwai wata dabara a cikin kafewar: ba a huda ramin harshe daidai da na ginshiƙi, sai a ɗan goce da shi kaɗan, domin idan aka buga turke ya ratsa su ya jawo katakan biyu su matse juna, kuma da yake itacen ɗanye ne, yana bushewa yana murɗewa yana ƙara riƙe ɗan'uwansa, har bayan shekaru ya yi taurin da ƙusa ba ta shigarsa sai da ƙyar. Ba a amfani da ƙarfe a wannan ƙashi na gida, kuma hakan alheri ne, gama ruwan oak yana cin ƙarfe.

Idan ƙashin gida ya tsaya, sai a koma ga cike gurabun da ke tsakanin katako. Akan kakkafa sanduna a tsaye cikin kowane gurbi, a saƙa tsumagu a gicciye tsakaninsu, a kwaɓa yumɓu da tattaka da kashin shanu, a yaɓe ciki da waje, idan ya bushe a shafe da farar ƙasa, wadda ke korar ruwan sama alhali tana barin bango ya yi numfashi. Jinkar kuwa an yi ta da tsayi da gangara mai tsanani, domin a ƙasar da ake ruwa kusan kowane wata ba a son ɗigo ya tsaya ko kaɗan, kuma an bar bakinta ya zarce bango don ya zubar da ruwan nesa da yaɓe; mai baibaya yakan jera dammunan kara ko na iwar fadama daga ƙasa zuwa sama, kowane jeri yana rufe gindin na ƙasa da shi, ya danne da sanduna, ya kafe da tsinken itace da aka lanƙwasa, sa'an nan ya yi wa tsororuwa nata ɗauri na musamman, tun da ita ce ke fara lalacewa. Daɓen babban zauren ma yana da nasa labari, gama da dakakken alli aka yi shi, aka zuba masa nono mai tsami aka buge, bisa wata tsohuwar dabara ta mutanen Sussex, wadda ke sa alli ya haɗe ya yi tauri. Wanda ya taɓa ganin mata suna daɓen ɗaki suna yayyafa ruwan makuba zai gane hikimar nan da nan, ko da yake abin da aka zuba ya bambanta.

Fasalin gidan kashi uku ne a ƙarƙashin jinka ɗaya. A tsakiya akwai babban zaure wanda ba shi da bene, buɗe yake tun daga daɓe har ƙoƙon rufi. A dama da hagunsa kuwa akwai sassa biyu masu hawa bibbiyu. Alamar da ake gane gidajen Weald da ita tana fuskar gaba: hawan sama na sassan gefe yakan zarce na ƙasa, ya leƙo waje bisa kawunan azarar da aka bari suka fito, alhali bangon zaure yana nan a layin ƙasa, sai ya zama kamar ya ja da baya, amma bakin jinka ba ya bin wannan shiga da fita, miƙewa yake yi sambal daga wannan kusurwa zuwa waccan, bisa wata doguwar azara da ta tsallake gaban zauren, wadda lanƙwasassun tokare suka tallafe daga gefe da gefe. Wannan leƙowa ta bene tana da fa'idodi da dama, domin tana ƙara faɗin ɗakin sama, tana kare bangon ƙasa daga feshin ruwa, nauyin bangon sama a kan bakin azara yana hana tsakiyarta lotsawa, sa'an nan, abin da ba a faɗa da baki, tana sanar da mai wucewa cewa mai gidan nan yana da kuɗin katako da na gwani. A cikin zaure, idan mutum ya ɗaga kai, zai ga wata ƙatuwar azara ta ratsa daga bango zuwa bango, a tsakiyarta an dasa gajeren ginshiƙi mai rassa, wanda ke ɗauke da wani katako da ya bi tsawon rufin yana hana ƙafafun jinka kwantawa gefe guda. Kafintan bai bar waɗannan katakai haka kawai ba, ya yi musu gyaran baki da zane, kuma a wata kusurwa ya sassaƙa ganyen oak guda, wanda ake cewa la'alla shi ne asalin tambarin ƙungiyar da ta sayi gidan daga baya.

Duk wannan tsari a kan abu biyu aka gina shi, wato wuta da daraja. Murhu a tsakiyar zaure yake, a ƙasa, babu bututu, hayaƙi yana tashi ya taru a sama ya sulale ta ƙananan kafofin da ke ƙarshen rufi da tsakanin kara, shi ya sa aka yi zauren da tsayi haka, don hayaƙin ya wuce kan mutane. Kuma shi ya sa kunkunniyar da ta manne a katakan rufi take zama hujja ga masu bincike cewa gida ya girmi zamanin bututu. Tagogi babu gilashi, sai sandunan itace a tsaye da murafen katako, saboda gilashi kayan majami'u ne da manyan attajirai. Ƙofar shiga tana can ƙarshen zaure, tana fuskantar wata ƙofa ta baya, tsakaninsu hanya ta ratsa gidan. Bayan wannan hanya ɗakunan ajiya biyu suke, ɗaya na gurasa da abinci, ɗaya na abin sha, ita kuwa madafa galibi akan gina ta a ware a bayan gida saboda tsoron gobara. Wancan ƙarshen na zaure, mafi nisa daga ƙofa da iskar da ke shigowa ta cikinta, shi ne mazaunin mai gida, inda ake kafa masa dogon benci da tebur, bayansa kuma akwai ƙofa zuwa turakarsa da ɗakin barcinsa a sama. Saboda haka matsayin kowa a gidan, baƙo ne ko bara, ana saninsa da nisansa daga ƙofa da kusancinsa ga mai gida; amma dukkansu wuta ɗaya suke ji, a ɗaki ɗaya suke ci, barori kuma a nan gefen murhu suke shimfiɗa idan dare ya yi. Wannan tsari ɗaya ne daga fadar sarki har gidan limamin ƙauye, girma da ado ne kaɗai suka bambanta.

Ƙarni na goma sha shida ya zo da sauye-sauye biyu da suka taɓa gidan. Na farko na addini ne: Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534, ya bi gidajen ruhubanawa ya rurrufe ya ƙwace dukiyarsu, Michelham ma ta faɗi a 1537, ba da daɗewa ba aka halatta wa limaman majami'ar Ingila aure, abin da ya sa gidan da aka yi wa gwauro da barorinsa ya zama gidan iyali. Na biyu kuwa na bulo ne, domin da ya yi araha sai mutane suka shiga gina murhu mai bututu, har wani malami mai suna William Harrison, wanda ya wallafa bayanin Ingila a 1577, ya ambata cewa tsofaffin ƙauyensu suna lissafa yawaitar bututun hayaƙi cikin manyan abubuwan da suka sauya a tsawon rayuwarsu. Da hayaƙi ya sami hanyarsa, tsayin zaure ya zama asara. Sai aka riƙa ratsa shi da bene a mayar da samansa ɗakunan kwana, aka sa gilashi a tagogi, aka kafa murhu a ɗaki fiye da ɗaya, daga nan mai gida ya shige turakarsa da iyalinsa, barori suka koma madafa, zaman wuta ɗaya ya ƙare. Gidan Alfriston bai kuɓuta daga wannan ba: an sake gina ɗaya daga cikin sassansa na gefe, an yi masa bututu, an raba tsayin zaurensa biyu.

A nan ne ƙaddarar gidan ta rabu da ta takwarorinsa masu gata. A ƙarni na goma sha takwas gidan katako ya zama abin kunya ga mai hali, sai wanda ke da kuɗi ya rushe nasa ya yi na bulo, wanda bai kai haka ba ya lulluɓe fuskar nasa da bulo ko fale-falen yumɓu don a zaci sabo ne. Limaman Alfriston suka bar tsohon gidan, aka rarraba shi aka zuba 'yan ƙwadagon gona haya, mutanen da ba su da abin da za su sauya masa kama da shi, sai dai su toshe inda ya yoyo su yaɓe inda ya zube. Ƙauyen kansa kuma ya koma baya, har hanyar jirgin ƙasa da aka shimfiɗa a yankin ta bi ta wani wuri ta bar shi, saboda haka babu attajirin da ya yi kwaɗayin filin. Talauci ya cinye jikin gidan a hankali, amma ya bar masa siffarsa, alhali arziki kan gyara jiki ya kashe siffa. Kuma muddin akwai mai hura wuta a ciki yana korar danshi, ƙashin oak bai ruɓe ba. Daga bisani hukumomin majami'a suka ga ɗawainiyarsa ta fi amfaninsa, suka yanke shawarar rushe shi, amma aka jinkirta saboda wata tsohuwa da ke ciki ta roƙi a bar ta ta ƙarasa kwanakinta a inda ta saba. Ta rasu a 1888, gidan ya zama kango, jinka ta ɓurma, ruwan sama yana sauka a kan katakon da ya yi kusan shekara ɗari biyar bai jiƙe ba.

A shekarar da ta biyo baya aka kawo sabon limami mai suna F. W. Beynon, wanda ya dubi kangon ya gane abin da ke ƙarƙashin lalacewar, ya shiga neman taimako, har ya kai kukansa ga jam'iyyar kare tsofaffin gine-gine wadda William Morris ya kafa a 1877. Wannan jam'iyya tana da aƙida mai ƙarfi, domin ta taso ne don ta yi yaƙi da magina na zamanin Sarauniya Victoria, waɗanda sukan kankare tsohuwar majami'a su sake ƙera ta yadda suke zaton take a da, har ta koma sabuwa mai da'awar tsufa. Ita kuwa koyarwarta ita ce a tokare, a toshe, a gyara da hannu mai sauƙi, kada a jefar da abin da zai iya ci gaba da aiki. Ta hanyarta Beynon ya sadu da mutum uku da suke shirin kafa wata sabuwar ƙungiya, wato Octavia Hill, wadda ta ƙarar da rayuwarta wajen gyara gidajen matalautan Landan, da Robert Hunter, lauyan hukumar gidan waya, da Hardwicke Rawnsley, wani limami daga yankin tafkuna na arewa. Sun kafa ƙungiyar, wato National Trust, a Janairun 1895, abin da suka fara samu kuwa wani tudu ne a ƙasar Wales da wata baiwar Allah ta ba su kyauta. Sa'an nan a Afrilun 1896 suka sayi Gidan Limamai daga hannun majami'a a kan fam goma. Sayen ne mai sauƙi, domin gyaran ya ci ɗaruruwan fam, waɗanda Octavia Hill ta bi mutane da wasiƙu tana roƙo kafin su taru. Magini Alfred Powell ne ya tsaya a kan aikin bisa tafarkin jam'iyyar Morris, aka riƙe tsohon katako duk inda ya riƙu, aka yi ƙari inda ya ruɓe, aka sake baibaya, aka kuma buɗe zauren ya koma tsayinsa na asali. Daga baya aka ba da gidan haya don ya riƙa samun mai kula, kuma cikin waɗanda suka zauna akwai Robert Witt, masanin zane-zane, wanda a zamaninsa ne aka tsara lambun da ke kewaye da shi.

Muhimmancin wannan ciniki bai tsaya ga gida ɗaya ba. A lokacin da aka yi shi, dokar da ke akwai ta 1882 tana kare ne kawai wasu tsirarun kufai da kaburburan mutanen farko, babu abin da ya hana mai gida rushe gidansa komai tsufansa, gama Turawan Ingila suna ganin haƙƙin mallaka abu ne da hukuma ba ta shiga. A 1907 majalisar dokoki ta ba National Trust ikon ayyana abin da ta mallaka a matsayin waƙafi, wanda ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a kuma ƙwacewa sai da yardar majalisar kanta. Sauran gidajen da ke hannun masu su kuwa sai da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka ragargaza tsofaffin unguwanni kafin hukuma ta farga, ta aika magina su bi gari gari suna rubuta gine-ginen da suka cancanci a cece su. Daga wannan aiki ne dokokin tsara birane na 1944 da 1947 suka wajabta ajiye daftarin gine-gine masu daraja, dokar 1968 ta sa sai da izini na musamman za a rushe ko a sauya su, dokar 1990 kuma ta tattara hukunce-hukuncen wuri guda. A yau daraja uku ce a daftarin Ingila: ta ɗaya, wadda ba ta kai kashi uku cikin ɗari ba, ta biyu mai tauraro, kusan kashi shida, da ta biyu, wadda ta haura kashi casa'in. Gidan Alfriston yana cikin ta biyu mai tauraro. Kusan duk ginin da ya girmi 1700 kuma bai rasa kamanninsa ba yana cikin daftarin, kuma wanda ya taɓa shi ba da izini ba ya yi laifin da kan kai ga tara ko ɗauri.

Amma wajibi ne a fahimci iyakar doka, domin ita hana rushewa take yi, ba ta toshe yoyo. Gidan da aka yi da itace da yumɓu da kara ba ya zama da kansa: tsororuwar jinka takan nemi sabuntawa bayan shekara goma zuwa sha biyar, jikinta bayan 'yan shekaru gommai, farar ƙasa takan wanke a sake shafawa, ƙwaro yakan shiga katako idan danshi ya samu wuri, ga kuma kogin Cuckmere da kan cika ya malale kwarin a lokacin hunturu. Shigar da gida cikin daftari, ashe, alkawari ne da al'umma ta ɗauka cewa za ta ci gaba da renon masu baibaya da kafintocin oak da masu kwaɓa farar ƙasa, ta kuma biya su, gama ranar da waɗannan sana'o'i suka mutu, takardar hukuma ba za ta hana jinka ɓurmawa ba. Ƙungiyar da ta sayi wannan gida tana da mambobi fiye da miliyan biyar yanzu, tana riƙe da manyan fadoji da gandaye da gaɓar teku mai tsawon ɗaruruwan mil, kuma daga kuɗin da waɗannan mambobi ke biya kowace shekara, da na masu ziyara, ake fitar da ladan masu wannan aiki.